Gawar da Ta Yi Roƙo a Birnin Zarkum

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya kuma halicci waɗansu bayi da ba su iya zama wuri ɗaya. Ni ina cikinsu. Sunana Jatau ɗan Ilu. Na bar gonar gado a hannun ƙannena, na ɗora littattafaina a bayan jakina Duna, na fita neman abu guda: wurin da ake auna hujja ba tare da an dubi fuskar mai ita ba.

Na daɗe ban samu ba. Na ratsa ƙasar Hambal, inda wanda ya fi ƙarfin murya shi ke cin shari'a, har alƙalansu duk sun kurmance. Na zauna a tsibirin Kwalga, inda ake duba furfurar mutum kafin a saurare shi, samari kuwa sukan shafa toka a gemu in za su kai ƙara. Na ga mutanen Tudun Zakaru, waɗanda suka lura cewa rana ba ta fitowa sai zakara ya yi cara, saboda haka in zafi ya dame su sai su ɗaure wa zakarunsu baki. Rana ta fito duk da haka, sai su ce lalle wani ne bai ɗaure nasa ba, a nemo shi a yi masa duka.

A can wani falke ya ba ni labarin Birnin Zarkum. Ya ce suna da tambari na tagulla wanda ba shi da makaɗi. A gabansa ake faɗin magana biyu, ɗaya suna ce mata uba, ɗaya uwa, sannan a faɗi ta uku, wadda ake ce wa ɗa. In lalle waɗancan biyun su suka haifi ta ukun, sai tambarin ya buga da kansa. In ɗan tsintuwa ne aka liƙa musu, sai ya yi shiru. Falken ya rantse ba a taɓa jin ya yi kuskure ba.

Ban ƙara kwana a Tudun Zakaru ba. Na ƙetare Faƙon Gishiri, inda zafi kan sa inuwar mutum ta gaji ta riƙa binsa daga nesa, har wata safiya na hango ganuwar Zarkum, ina yamma da ita.

Ƙofar da na tarar a buɗe take, ba mai gadi, an share ta tas. Na lura da wani dogon katako mai sulɓi da aka shimfiɗa ta ƙarƙashinta, da wata doguwar gora a jingine. Na lura da su ƙwarai, na kuma wuce abina, don a lokacin ban san amfaninsu ba.

Ina sa ƙafa cikin gari sai wata dattijuwa mai sayar da fura ta saki ludayi, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Wayyo, bawan Allah! Allah ya jiƙanka."

Na ce, "Amin, Inna, amma sai ranar ta zo."

"Ai ta zo, ɗan nan. Kwasau! Kwasau, ka gani?"

Wani majemi da ke shanya fata a gefen hanya ya matso yana goge hannu. Ya ce, "Na gani, Tabawa. Ƙafar dama ya fara sawa. Kai, mutum da ƙuruciyarsa!"

Kafin dogarai su iso, Inna Tabawa ta bayyana mini abin da na taka, tana yi tana share hawaye. A Zarkum akwai maganganun da aka gada, ana ce musu Zancen Kakanni, ba wanda ya isa ya musa su. Ɗaya daga ciki ita ce: duk ɗan Adam da ya ratsa Ƙofar Yamma gawa ne. Don haka in an yi mutuwa, sai a ɗora makara a kan katakon nan, a tura ta waje da gora, masu rakiya kuma su ruga su zagaya ta Ƙofar Arewa su tarbe ta. Ba wani rayayye da ya taɓa bi ta wurin, shi ya sa ba a sa mai gadi ba.

Na ce, "To ba gara a sa wanda zai hana baƙi ba?"

Kwasau ya dube ni da tausayi. Ya ce, "Wa zai yi gadin gawa, Malam? Ina za ta?"

Aka kai ni zauren shari'a, ni da Duna. Tambarin yana tsakiyar zauren a kan dakali, ya kai tsayin mutum, ya yi kore don tsufa. Alƙalin sunansa Gwadabe, mutum ne mai sanyin murya da tsabtar farce. Na ga ya fi duban jakina fiye da ni. Daga baya na ji cewa dukiyar baƙon da ya mutu ba magaji ta alƙali ce.

Akwai shari'a ɗaya kafin tawa. Wani mai amya ya kawo maƙwabcinsa, ya tsaya gaban tambari ya ce, "Duk ɓarawon zuma ƙudan zuma sun harbe shi. Wannan mutum ƙudan zuma sun harbe shi. Saboda haka shi ne ɓarawon zumata."

Tambari ya yi shiru.

Alƙali ya ce, "Ɗan tsintuwa ne. Ƙuda na harbin ɓarawo, yana kuma harbin mai wucewa. A sake shi."

Sai na ji zuciyata ta yi fari. Abin da malamai suka kasa fahimtar da mutanen Hambal, ga tagulla ta yanke shi cikin shiru ɗaya. Wanda aka saki ya wuce ta gabana yana lasar yatsunsa, gemunsa na danƙo. Wannan bai dame ni ba, don na san gurguwar hujja ba ta wanke mutum, ba ta kuma kama shi. Na ce a raina, a nan kam zan sami adalci.

Aka kira ni. Alƙali ya bayyana mini ƙa'ida: uba dole ya fito daga Zancen Kakanni, uwa kuma daga bakin shaidu biyu. Tabawa da Kwasau suka faɗi abin da suka gani. Sai na'ibin alƙali, wani siririn mutum mai suna Cindo, ya fuskanci tambari ya ce:

"Duk ɗan Adam da ya ratsa Ƙofar Yamma gawa ne. Jatau ɗan Ilu ɗan Adam ne da ya ratsa Ƙofar Yamma. Saboda haka Jatau ɗan Ilu gawa ne."

Tambari ya buga, har na ji shi a haƙorana.

"Duk gawa ana binne ta kafin faɗuwar rana. Jatau gawa ne. Saboda haka ana binne Jatau kafin faɗuwar rana."

Ya sake bugawa. Jama'a suka ce, "Allah ya jiƙansa."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga ni tsaye ina magana."

Alƙali ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Lalle. Yau mun ƙaru. Jatau gawa ne, Jatau yana magana, ashe wata gawa tana magana." Tambari ya buga. Alƙali ya ce, "Ka ji ko? Kada ka damu, mamaci, ba laifi ba ne."

Na matsa gaban tambarin da kaina. Na ce, "Gawa ba ta jin yunwa. Ni ina jin yunwa. Saboda haka ni ba gawa ba ne."

Ya buga mini, da ƙarfi ɗaya da wanda ya buga musu.

Zaure ya ɗan rikice, amma alƙali bai ko motsa ba. Ya ce, "Ɗan halak ne, ba mu musa ba. Amma wane ne uban? Cindo, kakanni sun taɓa cewa gawa ba ta jin yunwa?"

"Ba su ce ba, ranka ya daɗe."

"To, baƙon uba ne. Ba ma karɓar baƙon uba."

Na ce, "Ku saurara, jama'a. Wannan tambari ya san ko ɗa na iyayensa ne, amma bai san halin iyayen ba. In uba maƙaryaci ne, zai buga wa ɗansa kamar yadda zai buga wa ɗan mai gaskiya. Ku ji: duk mai dogon kunne alƙali ne. Duna mai dogon kunne ne. Saboda haka Duna alƙali ne."

Tambari ya buga. Wani ya fashe da dariya daga baya, ya mai da ita tari.

Alƙali ya ce, "Da rayayye ne ya faɗi wannan, da ya sha bulala. Albarkacin mutuwa ka ci. A kai shi wanka."

Aka aika masu haƙa biyu su zagaya ta Ƙofar Arewa su fara aiki. Ni kuma aka kai ni wani ɗaki a bayan zauren, inda wani tsoho mai suna Baba Nomau ke wankan gawa. Rana ta riga ta karkata. Ya sa na kwanta a kan tabarma, ya roƙe ni in daina motsi don bai saba ba. A wurinsa hukunci ya riga ya gama komai, abin da ya rage aiki ne.

Ya gama, ya naɗe ni da likkafani, ya bar mini fuska. Sannan ya juya yana tattara ƙoransa, ya faɗi cikin gunguni, irin na wanda ya faɗi abu har ya manta ma'anarsa, "Mamaci, kana da roƙo? Ba ka da shi. Madalla."

Na ce, "Baba, me ka ce?"

Ya ce, "Ba da kai nake ba. Wato da kai nake, amma ba a amsawa. Al'ada ce. Kakanni sun ce duk abin da mamaci ya roƙa game da jana'izarsa a yi masa. Shi ya sa muke tambaya."

"An taɓa amsa maka?"

"Haba! Tun ubana yana wannan aiki."

Na ce, "To ni ina da roƙo."

Ƙwaryar da ke hannunsa ta faɗi. Ya tsaya yana kallona kamar na ɓata masa sana'a, sannan ya leƙa waje ya kira dogarai.

Aka ɗauke ni a makara zuwa zaure, don sun ce gawar da aka wanke ba ta taka ƙasa. Labari ya riga ya bazu, jama'a sun cika har tagogi. Alƙali yana waje yana duba haƙoran Duna lokacin da aka kira shi.

Ya zauna, ya ce, "Ina jinka, mamaci. Amma ka sani, ba za ka roƙi kada a binne ka ba. Roƙon jana'iza kakanni suka ce, ba roƙon fasa ta ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban isa in ja da kakanni ba. Ni baƙo ne, ba ni da kowa a garin nan. Tun da na zo ban ga wanda ya yi mini magana mai taushi kamarka ba. Roƙona shi ne kai da kanka ka riƙe kan makarata da hannunka, kada ka saki har a sa ni a kabari."

Mata suka ce, "Ayya!" Alƙali ya yi murmushi, ya buɗe baki zai amsa, sai murmushin ya tsaya a inda yake.

Na ce, "Na'ibi, ko za ka taimaka wa mamaci? Muryata ta yi rauni."

Ban zaɓi Cindo a banza ba. Tun safe na ga yadda yake duban buzun da alƙali ke zaune a kai. Ya miƙe da sauri fiye da yadda ya kamata.

"Duk abin da mamaci ya roƙa game da jana'izarsa a yi masa. Wannan mamaci ya roƙi alƙali ya riƙe makararsa har kabari. Saboda haka alƙali zai riƙe makararsa har kabari."

Tambari ya buga.

"Duk makara ta Ƙofar Yamma take fita. Wanda bai saki makara ba, inda ta bi nan zai bi. Saboda haka alƙali zai ratsa Ƙofar Yamma."

Ya buga.

"Duk ɗan Adam da ya ratsa Ƙofar Yamma..."

Alƙali ya ce, "Cindo."

"Ranka ya daɗe, saura ɗaya kawai."

"Zauna."

Wani daga cikin jama'a ya ce a aika wa masu haƙa su faɗaɗa ramin. Baba Nomau ya ce shi dai ruwan zafinsa ya ƙare, sai an ɗora wani.

Na ɗago daga makara na ce, "Malam, ga hanya mai sauƙi. Hujja ba ta da aibi, tambari bai yi ƙarya ba. In ɗa ya fito da abin da ido ya ƙaryata, sai a koma a binciki iyaye. Mai yiwuwa kakanni cewa suka yi duk gawa ta Ƙofar Yamma take fita, wani ya juya zancen a hanya. Ka ce uban nan ƙarya ne, mu duka mu tafi gida."

Wata mata ta toshe kunnuwan 'yarta. Alƙali ya dube ni, a karo na farko ni kaɗai ba jakina ba, na kuma ga ya gane duk abin da na faɗa. Mutum ne mai kaifin hankali. Ya san uban ƙarya ne, ina jin ya daɗe da sani. Amma ya san kuma cewa buzunsa a kan waɗannan iyaye aka shimfiɗa shi.

Ya ce, "Mamaci ya faɗi abu ɗaya daidai. A binciki iyaye. Uba dai ba a taɓa shi. A kira mini uwa."

Aka kawo Tabawa da Kwasau.

"Tabawa, da safen nan da kika dubi ƙofa, rana ba ta kashe miki ido ba?"

"Ranka ya daɗe, yamma nake kallo, rana tana bayana."

"Ki tuna da kyau, Inna. Ran mutum biyu ne."

Ta dube ni cikin likkafani, ta dubi alƙali. Ta ce, "To, ta kashe mini ta ƙeya. Ban ga komai ba."

"Kwasau?"

"Ni jaki na gani, Allah ya gafarta Malam."

"Ɗazu ka ce ƙafar dama ya fara sawa."

"Jakin nake nufi."

Alƙali ya sa aka kira masu gadin sauran ƙofofin, suka rantse, da gaskiyarsu, cewa ba wani baƙo mai jaki da ya bi ta wurinsu. Sannan ya miƙe da kansa ya fuskanci tambari. Ya ce:

"Kakanni sun ce ba mai shiga Zarkum sai ta ƙofa. Shaidu sun ce Jatau ɗan Ilu bai bi ta kowace ƙofa ba. Saboda haka Jatau ɗan Ilu bai shiga Zarkum ba."

Tambari ya buga.

"Wanda bai shiga ba, ba ya ciki. Saboda haka babu wani Jatau a nan, rayayye ko matacce. Babu mamaci, babu roƙo. Wane ne ya bar makara ba kowa a tsakiyar zaure? A ɗauke ta. Jakin nan kuma da ba shi da mai shi, a kai shi gidana."

Dogarai suka karkata makarar kamar masu zubar da ƙura, na faɗo ƙasa. Cindo ya zauna kamar an zare masa laka. Na kwance ƙafafuna, na yafa sauran likkafanin, na nemi tufafina, amma Baba Nomau ya dubi bango ya ce iska ta yi yawa yau.

Na nufi Ƙofar Gabas. Mutane suna darewa suna ba ni hanya, kowa na kallon sama ko ƙafarsa. Na tarar da ƙofar a rufe, na yi sallama. Mai gadi ya ce wa abokinsa, "Ka ji wani abu?" Abokin ya ce, "Ba a buɗe ƙofa sai ga mai fita, kuma ban ga mai fita ba." Haka aka yi mini a Arewa, haka a Kudu. Sai na gane ƙofa ɗaya ce ta rage mini a duk birnin, wadda ba ta da mai gadi.

Alƙali ma ya gane, har ya riga ni. Ina juyawa yamma sai na ji sanƙira yana shela: kowa ya juya wa Ƙofar Yamma baya ya rufe ido har faɗuwar rana, duk wanda ya ga wani abu shi ya jiyo. Dalili a fili yake. In mutum biyu suka gan ni na ratsa, an sami sabuwar uwa, a koma farko, kuma roƙona yana nan.

Haka na bi babbar hanyar Zarkum da la'asar sakaliya, ƙafa ba takalmi, mutanen gari jere a gefe biyu goshinsu a jikin bango. Na yi fito sau ɗaya, irin wanda na saba yi wa Duna. Daga wani lungu na ji hayaniya, sai ga Duna da gudu yana jan igiya, littattafaina na kaɗawa a bayansa. Wani dogari ya biyo shi yana ihu, "Ɓarawo!" Wani ya ce masa, "Wane ɓarawo? Wa ka gani?" Dogarin ya hango inda jakin ya dosa, ya ja birki, ya juya ya rungumi bango.

Kusa da ƙofa na tarar da ƙwarya cike da fura a tsakiyar hanya. Inna Tabawa tana tsaye ta ba ni baya. Ta ce wa bango, "Na ajiye furar nan a inda ba kowa. In ba kowa ya sha, ya bar mini ƙwaryata."

Na shanye, na ajiye ƙwaryar, na ce wa bangon Allah ya saka da alheri. Sannan na taka katakon nan mai sulɓi, na fita.

A waje na ga tarin jar ƙasa da magirbi biyu a yashe. Na tsaya cak, don na tuna masu haƙa su biyu ne, adadin shaidu cif. Na leƙa ramin. Ashe manzon alƙali ya riga ya zo musu. Suna tsugune a cikin kabarina, kowa ya ja riga ya rufe kai. An haƙa shi da kyau, daidai tsawona, har an ɗan ƙara masa faɗi ta gefe ɗaya.

Ɗaya ya ji takun jaki, ya ce cikin riga, "Ya wuce?"

Na ce, "Ba wanda ya wuce."

Suka ce, "Alhamdu lillahi."

Na hau Duna, muka doshi Faƙon Gishiri, rana na faɗuwa a gabanmu. In ana tambayata a majalisa ko tambarin Zarkum yana kuskure, nakan ce wuni guda na yi a gabansa, ban ji ya yi ko sau ɗaya ba. Wanda ya yi shakkar sauran labarin kuwa, ya matso ya taɓa rawanin nan da ke kaina. Yadi ne mai kyau, mutanen Zarkum ba sa yi wa mamaci rowa. Iyakar abin da na gani ke nan a wannan birni, wanda aka tabbatar da hujja cewa ban taɓa shigarsa ba.